Na'urar sauraron kiɗa ta aljihu: wacce za ka saya, kuma ina ya kamata kuɗinka su fi tafiya?

Kamfanin Apple ya daina ƙera iPod a watan Mayun 2022, bayan sama da shekara 20 yana kasuwa, kuma a lokacin mutane da yawa sun ɗauka an gama da zancen na'urar da ba ta da aiki sai kunna sauti, tunda waya ta haɗiye komai. Sai ga shi Sony har yau yana sayar da Walkman, sunan da ya fara amfani da shi tun 1979 a zamanin kaset, ga kamfanonin China irin su FiiO da HiBy da Shanling, ga Astell&Kern na Koriya ta Kudu, kowa da nasa. Akwai ta dala 30, akwai wadda ta haura dala 3,000. Duk farashin da zan ambata na dala ne kuma na kusa-kusa, yadda aka sa wa kayan lokacin fitowarsu, domin in na rubuta da naira ko sefa, kafin ka karanta ya canja.

Tambayar farko ita ce ko kana ma buƙatarta. Dalilan da na yarda da su ba su da yawa. Wanda ke son ya saurari karatu ko waƙa ba tare da kira ya katse shi ba, ko saƙon WhatsApp ya riƙa yi masa ƙara a tsakiyar kunne. Wanda ke tattalin cajin wayarsa saboda wuta ba ta da tabbas, ba ya son abin nishaɗi ya cinye batirin da zai yi hulɗar kasuwanci da shi. Ɗalibin da yake son ya ajiye waya a ɗaki ya tafi da karatunsa kawai. Sai wanda ya tara dubban fayiloli waya ta cika, da kuma mai babban hedifon da waya ba ta iya tura shi, wato ba shi isasshen ƙarfin da zai fitar da sauti sosai. Idan ba ka cikin waɗannan, abin da kake nema kawai shi ne sauti ya ƙara daɗi, to akwai hanyar da ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, zan zo kanta.

Abin da masu talla ba sa son a jaddada shi ne, a cikin abubuwa ukun da ke haɗuwa su ba da sauti, wato fayil ɗin da ka kunna, da na'urar, da abin da ka sa a kunne, na'urar ce ta fi ƙarancin tasiri da zarar ta wuce matakin tarkace. Iyafis ko hedifon shi ke yanke mafi yawan hukunci. Ka ɗauki na'urar dala 800 ka jona mata iyafis ɗin da ake rataye wa a bakin tasha, abin da za ka ji sautin iyafis ɗin tasha ne. Ka juya lissafin, na'urar dala 50 da iyafis mai kyau na dala 80, mutum zai tsaya ya tambaye ka ina ka samo. A 'yan shekarun nan ma iyafis na dala 20 sun yi kyan da a da ba a samu sai da ninkin wannan kuɗin, irin su Moondrop Chu II da 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er. Mai ɗan hali ya duba Truthear Hexa a wajen dala 80. Don haka kafin ka ware wa na'ura ko sisi, ka fara cire kuɗin abin kunne.

Maganar fayil

Nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Yawancinmu waƙoƙinmu da karatuttukanmu daga wajen masu turi muka samo su, ko wani ya turo ta Xender, ko an sauke daga wani shafi da ya matse su don kada su ci data. Da yawa MP3 ne mai 128 kbps (ma'aunin yawan bayanan sautin da fayil ke riƙewa a kowace daƙiƙa), wasu ma 64. Shi MP3 yadda yake aiki, yana zubar da sassan sautin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da su ba, kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. A 320 kbps abin da ake zubarwa kaɗan ne, har yawancin mutane ba sa iya bambanta shi da faifan CD idan aka gwada su ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. A 128 kuwa, sautin sama, wato mai kaifi, yakan yanke a wajen 16 kHz (ma'aunin kaifin sauti), sai ka ji kaifin kuge ko shantu yana wani shuu kamar a cikin ruwa, kuma na'ura mai kyau ba ta ɓoye wannan, fito da shi fili take yi.

FLAC shi ne fayil ɗin da ke riƙe sautin CD cif ba ragi, sai dai yana da nauyi. MP3 mai 320 yana cin kusan MB 2.4 a minti ɗaya, FLAC na matakin CD yana cin wajen 5 zuwa 6. Katin memori mai GB 128 zai ɗauki waƙoƙin minti huɗu-huɗu kusan 5,000 a FLAC, ko fiye da 12,000 a MP3 mai 320. Amma ka yi hattara da FLAC na bogi. Akwai masu ɗaukar MP3 mai 128 su juya shi zuwa FLAC da manhaja, girman fayil ya ninka, sauti na nan yadda yake. Kunun da aka riga aka tsinka da ruwa, ko a kwanon azurfa ka juye shi ba zai yi kauri ba. Akwai wata 'yar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Spek da ke zana maka hoton sautin fayil; in ka ga zanen ya yanke ƙat a 16 kHz kamar an sa wuƙa, ka san asalinsa.

Shi kuma tambarin Hi-Res mai ruwan zinare da ake mannawa a kwali, da lambobi irin su 24-bit/192kHz da DSD, kada su ruɗe ka. CD yana kan 16-bit da 44.1 kHz, wanda ya isa ya ɗauki sauti har zuwa kusan 22 kHz, kunnen ɗan Adam kuma a ƙuruciya ma 20 kHz ce iyakarsa, yana raguwa da shekaru. Kusan duk na'urar da ta kai dala 50 a yau tana karanta waɗannan manyan fayiloli, don haka ba abin da za a yi maka tsada a kansa ba ne. Kuma ka tuna abin da za ka fi saurara. Tsofaffin waƙoƙin kalangu da kotso da kukuma da gurmi da muke ji da su, akasarinsu daga kaset ko faifan garmaho ko ma'ajiyar gidajen rediyo aka kwafo su, da shuu ɗinsu da komai. Tafsirin da aka ɗauka a masallaci da amsa-kuwwa shi ma haka. Babu na'urar da za ta ƙara musu abin da ba a ɗauka ba tun farko.

Ƙananan da ba su da Android

A ƙasan kasuwa akwai irin su Ruizu da AGPTEK da SanDisk Clip, daga dala 20 zuwa 50. Suna da sauƙin nauyi, batirinsu na jimawa, da yawansu na da rediyon FM, abin da manyan masu tsada suka watsar. Ga mai sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi da darasi, waɗannan sun isa, domin muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar wani injin kirki. Alƙur'ani cikakke a MP3 mai 128 bai fi GB 2 ba a yawancin ƙira'o'i. Abin da za ka bincika a nan ba sauti ba ne. Ka duba ko na'urar na komawa daidai inda ka tsaya idan ka kashe ta, domin tafsirin awa ɗaya da rabi da zai koma farko duk lokacin da ka tashi salla abin haushi ne. Ka duba ko tana nuna fayiloli bisa jakar da ka zuba su, kuma tana jera su bisa lamba. Wasu ƙananan na jera fayil bisa lokacin da aka tura shi, sai ka ga Suratul Kahfi ta riga Baƙara. Sa wa surori lamba uku-uku, 001 har 114, yana magance rabin matsalar. Rauninsu shi ne wasu na da 'yar ƙara siririya a bayan sauti idan ka sa iyafis mai saurin ji, kuma masu sunan da ba a sani ba sukan yi ƙarya kan girman ma'ajiyarsu.

Da ka ƙara kaɗan sai ka shiga inda ni nake ganin riba ta fi yawa. Snowsky Echo Mini, wadda wani reshen FiiO ke yi, tana wajen dala 50, an yi mata siffar ƙaramin kaset, da madannai ake sarrafa ta ba da shafa allo ba, tana da GB 8 a ciki da ramin memori, da ramin iyafis iri biyu. Sautinta tsaf yake, sai dai neman waƙa ɗaya cikin dubbai da madanni aiki ne. HiBy R1 tana wajen dala 85, tana da allon shafawa na inci 3, kuma manhajarta ta fi daɗin bincike. Shanling M0 Pro kuwa, a wajen dala 130, ba ta fi akwatin ashana ba sosai, nauyinta bai kai giram 40 ba, ba ta da ma'ajiya ko kaɗan sai ka sa mata kati, allonta inci ɗaya da rabi ne, mai kaurin yatsa zai sha fama. Dukkansu ukun sukan yi awa goma sha wani abu a caji ɗaya, kuma in ka ajiye su kwana da kwanaki ba sa zubar da caji kamar masu Android. Ga wanda waƙoƙinsa ke kan kati, wannan rukunin ya biya buƙata.

Masu Android

Idan ta Boomplay ko Audiomack ko Spotify ko Apple Music kake sauraro, to dole sai mai Android, domin a nan ne kawai za ka iya sauke waɗannan manhajoji. Ka sani dai ba su da layin waya, sai ka samu Wi-Fi ko ka kunna musu data daga wayarka, ka sauke abin da kake so kafin ka fita.

Uku ne aka fi kwatantawa a matsakaicin farashi. FiiO JM21 tana wajen dala 200, allo inci 4.7, siririya ce ba nauyi, tana da ƙarfin turawa har milliwat 700 ta babban ramin iyafis ɗinta mai 4.4mm, batirinta na yin kamar awa 12. HiBy R4 ta fito a 2024 a dala 249, jibgegiya ce mai nauyin fiye da giram 200, da siffa mai kusurwoyi da wasu ke so wasu ke ƙi, ita ma tana da ƙarfi sosai. Amma irin amfilifayar da ke cikinta, wato sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi, wadda ake kira Class A, tana cin wuta ko da sauti na ƙasa-ƙasa, don haka tana ɗumi a hannu. Wanda zai sa ta a aljihun kaftani cikin zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya yi wannan lissafin, domin zafi ne babban abokin gabar batir. Ta ukun ita ce Sony NW-A306 ta 2023, a wajen dala 350. Ita ce mafi kyan ƙira, giram 113 kacal, madannanta na gefe na da daɗin lalube ba tare da ka ciro ta ba, kuma Sony ya ce tana kai awa 36 idan daga kati kake kunnawa da manhajarsu. Laifinta uku: tana da nawa wajen buɗe manhajoji, daga GB 32 da aka rubuta kusan 18 kawai ke rage maka, sannan ba ta da ƙarfi. Wannan na ƙarshen ya fi tsanani a waɗanda aka yi don kasuwar Turai, inda doka ta sa aka ƙayyade ƙarar da za su iya fitarwa. Tunda kayan hannu da yawa daga can suke shigowa, ka tambayi ta wace ƙasa ce kafin ka biya. Da ƙaramin iyafis ba za ka damu ba, da babban hedifon kuwa za ka ƙure ƙara ka ji kamar daga ɗaki na gaba ake kiɗan.

A ganina JM21 ta fi sauran biyun dacewa da kuɗinta, Sony kuma ta fi ga wanda batir da ƙanƙanta suka fi damunsa. Mai son rediyo a cikin mai Android ya duba HiBy M300, wadda ke da FM da 'yar lasifika a jikinta.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: waɗannan na'urori ba sa samun sabunta Android yadda wayoyi ke samu. Wadda ta zo da Android 12 ko 13 galibi a nan za ta tsufa, kuma wata rana manhajojin intanet za su daina aiki a kanta. Mai kunnawa daga kati ba ruwanta da wannan, shekara goma ma in batir bai mutu ba tana nan tana aiki.

Daga dala 500 zuwa sama akwai FiiO M23, da Sony NW-ZX707 a wajen dala 900, da Astell&Kern SR35 a wajen 800, har zuwa Sony NW-WM1ZM2 mai jikin tagulla da aka shafe da zinare, wadda ta haura dala 3,500. Kana biyan kuɗin ƙarfe mai kyau, allo mai kyau, ƙarin ƙarfi da kuma suna. Iya kuɗinka iya shagalinka, amma bambancin sauti tsakaninsu da ta dala 200, a kan iyafis na yau da kullum kuma a ƙara iri ɗaya, ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Lambobin da ke kan kwali

Za ka ga ana ta alfahari da sunan DAC, wato ɗan guntun da ke mayar da lambobin fayil su zama sautin da za a tura wa kunne. Kamfanoni uku ne suka mamaye wannan fage: ESS da Cirrus Logic na Amurka, da AKM na Japan, wanda gobarar da ta cinye masana'antarsa a Oktoban 2020 ta sa masu ƙera na'urori da yawa suka koma wa sauran biyun. Masu sha'awar abin suna ta muhawara cewa wannan ya fi kaifi wancan ya fi taushi. Ni dai ban ga dalilin zaɓar na'ura saboda sunan guntun ba, yadda aka haɗa kewayensa ya fi muhimmanci, kuma "DAC huɗu" ba ya nufin daɗi ninki huɗu.

Lambar da ta cancanci dubawa ita ce ƙarfin turawa, a auna ta da abin da za ka jona. Yawancin iyafis suna tsakanin ohm 16 da 32 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar da abin kunne ke yi wa lantarki), kowace na'ura na iya tura su har su cutar da kai. Babban hedifon irin Sennheiser HD 600 mai ohm 300 shi ke buƙatar ƙarfi. Nan ne ramin 4.4mm ke da amfani, wanda ke fitar da ƙarfi fiye da ramin 3.5mm da muka saba. Sai dai yana buƙatar wayarsa ta musamman, kuma kada ka kuskura ka sayi 'yar mahaɗar da za ta shigar da filogin 3.5mm cikin ramin 4.4mm, tana iya ƙona amfilifayar.

Mai amfani da iyafis na Bluetooth kuwa, ya tsaya ya karanta wannan da kyau. Idan ta Bluetooth sauti ke tafiya, DAC da amfilifayar na'urarka ba sa aikin komai, na cikin iyafis ɗin ne ke yi. Duk tsadar da ka biya domin su ta tashi a banza. Abin da ya rage shi ne hanyar matse sautin: SBC da kowa ke da ita tana tsayawa a wajen 328 kbps, LDAC ta Sony na kaiwa 990, amma sai ɓangarorin biyu duka suna da ita. AirPods, misali, ba su san LDAC ba. In Bluetooth ne zaɓinka, sayi mai araha ko ka zauna da wayarka.

Hanyar da na ce zan dawo kanta ita ce 'yar igiyar DAC da ake soka wa a ramin cajin waya. Tun da iPhone 7 ta cire ramin iyafis a 2016 manyan wayoyi da yawa suka bi sahu, ko da yake Tecno da Infinix da itel da yawa har yanzu suna da shi. Ta Apple mai USB-C dala 9 ce kuma sautinta tsaf, FiiO KA11 na wajen dala 30 da ƙarfi mai yawa, Moondrop Dawn Pro na wajen 50 har da ramin 4.4mm. Guntun da ke cikin wannan ta ƙarshen irinsa ne a Echo Mini. Wato ta fuskar sauti zalla, waya da igiyar dala 30 zuwa 50 sun kamo na'urar dala 200. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne hutu daga waya, kuma tana shan batirin wayar, tana kuma sassauta ramin caji in ana yawan motsa ta a aljihu.

Wajen saye

Waɗannan sunaye ba kasafai ake samunsu a shagunan waya ba, ko a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja, abin da ya fi yawa a can ƙananan MP3 ne da rediyo mai memori. Galibi sai an yi oda ta AliExpress ko Amazon, ko an ba wani mai dawowa daga tafiya saƙo. Ka nemi shagon kamfanin kansa a dandalin, ka haɗa kuɗin jigila da na kwastan a lissafi, kuma ka sa a ranka cewa garanti a takarda ne kawai, domin mayar da kaya China ya kusa kuɗin sabuwa. Wannan ma wani dalili ne na kada ka zuba dala 800 a abu ɗaya.

Na hannu kuwa, batir ne abin dubawa, tunda a manne yake a ciki. Ka kwantar da ita a kan tebur ka ga ko bayanta ya kumbura ko allo ya fara ɗagowa daga gefe. Ka sa iyafis ka juya filogin a hankali cikin ramin kana sauraro, in sauti na ɗaukewa a kunne ɗaya, ramin ya gaji. Tsofaffin iPod Classic, da aka daina yi tun 2014, har yanzu suna da masoya masu canja musu batir su sa katin memori a madadin faifan ciki, amma ba sa karanta FLAC sai an ɗora musu manhajar Rockbox, aikin mai haƙuri ne.

Katin memori shi ne inda jabu ya fi yawa. Za a sayar maka da mai rubutun GB 256, waya ma ta nuna 256, alhali cikinsa 16 ne ko 32. Yana cika sai ya fara taka tsofaffin fayiloli, ka wayi gari rabin tarinka ba ya buɗewa. Gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ka zuba komai, kuma ka ajiye kwafin tarinka a wani wuri daban. Ka kuma duba iyakar katin da na'urar ke karɓa, Echo Mini a GB 256 ta tsaya, M0 Pro na kaiwa TB 2.

Lokacin hunturu ƙura na cika ramin iyafis da na caji, tsinken sakace da ɗan auduga busasshe sun isa a share, ban da allura. Bushewar iskar kan sa iyafis mai jikin ƙarfe ya ɗan tsikari kunne ko ya yi ƙas-ƙas idan waya ta gogi riga, ba lalacewa ba ce. Wajen caji, gara ka cika fawa-banki da janareto sannan ka ɗora na'urar a kansa, da ka jona ta kai tsaye a wutar da ke hawa da sauka. Sannan sauti mai tsabta na sa mutum ya yi ta ƙara ƙara bai ankara ba, musamman a cikin Keke Napep ko kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarar da babban mutum zai saurara ba cutarwa a desibel 80 (ma'aunin ƙara) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Iyafis mai robar da ta toshe kunne daidai yana rage hayaniyar waje, shi ya sa ya kamata ka gwada duka girman robobin da suka zo a kwalin kafin ka tsaya a kan ɗaya.